A Gidana Ba a Jingina Kwalba

Litinin, lokacin barcin yara

Sun yi barci, su huɗu duka. Alhamdu lillahi. Tun asuba nake tunanin yadda za a yi ranar farko, sai ga shi ta zo ta wuce ba wanda ya faɗi, ba wanda ya shaƙe, ni ma ban yi kuka a gaban kowa ba.

Rubutu ba ya cikin abin da likita ya hana. Abin da ya hana shi ne in ɗauki duk abin da ya fi butar shayi nauyi da hannun dama, har sai ɗinkin da ke gefen hammatata ya kama. Na ce masa, "Likita, ni fa sana'ata ɗaukar 'ya'yan mutane ce." Ya ce to in ɗauki hutu. Hutu! Sati guda na rufe gidan nan, wayata ba ta huta ba, iyaye na gaishe ni da jiki suna kuma lalube da baki ko yaushe zan buɗe. Ban ga laifinsu ba, aiki ba ya jiran mai goyo.

Ga Alƙali can bakin taga, ɗan shekara biyu, ya tura ɗuwawu sama. Shi ne mai yanke hukuncin wa ya taɓa motar wa. Ga tagwayen malamar makaranta, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ga Gwaggo a ƙaramin gado, wata takwas, ba haƙori ko ɗaya, amma in ta haɗe rai ta dube ka sai ka ji kamar ka durƙusa ka gaishe ta. Shi ya sa na sa mata sunan.

Dokar gidana guda ce, kuma duk uwar da ta kawo ɗa ita nake fara faɗa mata: ba a kwantar da yaro da kwalba a baki. Ba a jingina kwalba da matashi a tafi wani aiki. A hannu yaro yake sha, kansa a sama, har bakinsa ya saki. Sannan in zare kwalbar, in goge masa dasashi da tsumma mai ɗumi, ya yi gyatsa a kafaɗa, in kwantar da shi rigingine. Madara a kwance tana bin kunne, tana cin haƙori, tana kuma iya bin hanyar da ba tata ba. Ban da haka, ni a ganina abin da yaro zai gani na ƙarshe kafin barci ya ɗauke shi ya kamata ya zama fuskar mutum.

To yanzu ga doka, ga hannu ya ƙi. Shi ne maigidana ya shigo aikin. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi ya zauna yana gyara rediyon da ba ta lalace ba. Direba nake ce masa a nan, tun da ba zai karanta ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, matashi a cinya, gwiwar hannun dama a kan wani matashin. Shi ya ɗauko yaro ya ɗora min, ni in ba da kwalba, in an gama shi ya ɗauke ya sa a kafaɗa ya kai gado. Haka muka yi sau uku. Alƙali ya wuce kwalba, shi labari ne kuɗin shigarsa barci.

Kumburin da suka cire min kuma sun tura gwaji. Sai nan da sati biyu da 'yan kwanaki, in ji su. In ya fito da sauƙi, shi ke nan. In ya fito da ɗayan, magani ne mai tsawo, kuma ba a raino da shi. Sai in kira iyayen nan in ce kowa ya nemi wani gida. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Talata, da hantsi

Maman Gwaggo a ɗakin gwaji take aiki, a asibitin da aka yi min aikin. Wata biyar tana kawo min 'yarta ban taɓa damuwa da inda take aiki ba, sai yanzu.

Da ta shigo da safe na tsinci kaina ina karanta fuskarta. Ta ce, "Ina kwana, Mama, ya jiki?" Ta miƙa wa Direba yarinyar, ta ajiye jaka, ta fito da ƙaramin gwangwanin madara na wannan satin. Kullum haka take, ƙarami ɗaya duk Talata, ba ta taɓa barin abin da ya wuce na sati. Ta dube ni ta yi murmushi. To murmushin na mene ne? Na tausayi ne ko na wadda ta makara aiki? Na bi ta da ido har ƙofa, har yadda ta sa takalmi sai da na yi masa fassara.

Ban tambaye ta ba. Ba aikinta ba ne ta faɗa, kuma ba zan sa 'yar mutane ta yi abin da zai ja mata magana a wurin aiki ba. Ni da na girme ta nesa ba kusa ba, in tsaya ina roƙonta ta leƙa min takarda? Allah ya kiyaye.

Laraba, lokacin barcin yara

Yau na yi dariya har ɗinkin ya ja ni.

Direba ya mai da ɗakin nan tasha. In na zauna na gyara matashi sai ya tsaya a kaina ya ce, "Shugaba, a yi lodi?" In ya ɗauko Gwaggo, da hannu biyu yake tallabo ta, yana tafiya a karkace, wai kaya masu fashewa ne. Mutumin da ya haifi uku bai taɓa sanin inda ake ajiye tsumman gyatsa ba, yau ga shi da tawul a kafaɗa yana bubbuga bayan jaririya da tafin hannun da ya kai faɗin bayanta duka. Da ta yi gyatsa ya ce, "Yauwa, injin ya tashi."

Wurin kwantarwa ne ya fi ba ni mamaki. Ni kaina wani lokaci yaro kan farka a hannuna in na zo zare hannu daga ƙarƙashin kai. Shi kuwa a hankali yake sauke ta, ƙafa tukun, sannan baya, sannan kai, ya bar hannunsa a ƙirjinta har ya ƙirga abin da yake ƙirgawa a ransa. Sannan ya fita da baya da baya. Na ce, "Malam, ina ka koyi wannan?" Ya ce, "Wanda ya sauke buhunan ƙwai a kan hanya mai rami ai ba a koya masa saukewa." Na ce ƙwai ba a buhu ake sa shi ba. Ya ce shi ya sa ya daina aikin.

Rabon da in ji daɗin rana irin yau tun ranar da nake wanka hannuna ya taɓa abin.

Alhamis, da la'asar

Lafiya lau. Maman Gwaggo ta yi murmushi yau ma, amma gajere. Ban tambaye ta ba.

Juma'a, da yamma

Malamar makaranta ta zo ɗaukar tagwaye, ta ƙi zama. Tana ta naɗe ɗankwalinta a yatsa. Na san maganar tun kafin ta buɗe baki, don na ga ta haɗa har da kofunansu a jaka.

"Mama, dama kakarsu ce ta ce a kai mata su na ɗan lokaci. Kin ga ke ma kya samu ki huta."

Na ce, "Ai ya kamata, kaka ma tana da hakki."

"Wallahi ba wani abu ba ne, Mama. In kin ji sauƙi za mu yi magana."

Na ce Allah ya raya su. Na sumbaci kowanne a ka, a zaune, don ba ni da hannun ɗaga su. Direba ya kai mata su har bakin titi, ya dawo ya shiga gyaran rediyonsa da ƙarfi, har na ji wani abu ya karye a ciki.

Ba na jin haushinta. Ƙarya nake yi, ina ji, amma kaɗan. Uwa ce, ta shigo ta ga mai rainon 'ya'yanta a ƙasa jingine da bango kamar tsohon buhu, namiji na yawo da tawul a kafaɗa. Ni ma da nawa ne da na yi tunani. Abin da ya tsaya min a rai shi ne "in kin ji sauƙi". Na san irin muryar da ake faɗinta da ita.

Lahadi, da rana

Na sa Direba ya naɗe katifun tagwaye ya ɗora saman kabad. Ɗakin ya yi faɗi ba gaira ba dalili. Na share shi da hannun hagu, sau biyu.

Talata, bayan azahar

Gara in rubuta in huta.

An kira Direba da safe, abokinsa na tuƙi ba lafiya, dole ya je ya kai shi asibiti. Na kira ƙanwata Auta ta zo ta riƙe min rana ɗaya. Auta tana da kirki, tana da sauri, kuma duk abin da ka faɗa mata ta riga ta sani. Na nuna mata yadda muke yi da Direba. Ta ce, "Yaya, wannan ai wahalar da kai ne. Ni duk nawa da matashi na jingina musu, ga su nan garada." Na ce naki ne, waɗannan na mutane ne, kuma a gidana ba a yi. Ta ce to.

Lokacin barci ya yi, Alƙali ya ƙi kwanciya sai ya yi fitsari, kuma sai ni zan raka shi, Auta baƙuwa ce ba ya yarda ta ga sirrinsa. Na ce mata ta riƙe Gwaggo in dawo in ba ta. Alƙali ya zauna a kan fo yana ba ni labarin wata mota da ta ci wata mota. Ina cewa ya yi sauri sai na ji Auta a kicin tana wanke kwanoni. Kafin in gama tambayar kaina wa ke riƙe da yarinyar, na ji tarin.

Ba tari ba ne mai ƙara. Shi ya fi ba ni tsoro.

Na tarar da ita a gado rigingine, kwalba jingine da matashi, madara na bin kumatunta zuwa kunne, fuskar ta yi ja, ido a waje, baki a buɗe ba sauti. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na kifa ta a hannuna na bubbuga bayanta, ta amayo madarar ta hanci da baki, ta ja numfashi, ta tsala ihu. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na yau ba. Na ce yi, Gwaggo, yi da ƙarfi, tara min unguwa.

Sai da ta yi shiru Auta ta ce, "Yaya, rigarki." Da hannun dama na ɗauke ta ashe. Gefen rigar ya jiƙe.

Auta na kuka tana cewa minti biyu kawai ta ce bari ta rage min aiki. Ban yi mata faɗa ba, ba ni da ƙarfin. Maƙwabciyarmu nas ta zo ta duba, ta ce ɗinki biyu ne suka buɗe, ta wanke ta rufe, ta yi min faɗan da ni ban yi wa Auta ba. Ta saurari ƙirjin Gwaggo ta ce ba komai, amma uwar ta sa ido.

Yanzu tana barci. A hannuna ta ƙarasa kwalbar, Auta ta kwantar. Ina zaune kusa da gadon ina kallon cikinta yana hawa yana sauka. Yana hawa yana sauka. Na gode wa Allah.

Talata, da yamma

Auta ta ce kada in faɗa, tun da ba abin da ya faru. Na ce abu ya faru.

Da Maman Gwaggo ta zo, ta ajiye ƙaramin gwangwanin satin nan da ta manta da safe, na ce ta zauna. Na faɗa mata duka, da matashin, da tarin, da abin da nas ta ce. Ban ce Auta ce ba, na ce a gidana aka yi. Ta karɓi 'yarta ta manna kunne a bayanta ta daɗe. Ta dubi rigata, don na canza amma bandejin ya tasa ta ciki. Ta ce, "Da wane hannu kika ɗauke ta?" Na ce ban tsaya zaɓe ba.

Ta ce, "Sai da safe, Mama." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Laraba, da hantsi

Ta kawo ta. Da na ji muryarta a ƙofa na ce alhamdu lillahi. Amma ba murmushi, kuma idonta ya kumbura kamar wadda ba ta yi barci ba. Direba ya dawo bakin aiki, ya ce daga yau ko gobara aka yi a tasha ba inda za shi.

Asabar, da rana

Kwana uku ban rubuta ba, don abu ɗaya ne. Tana kawo ta, tana gaishe ni, ba ta kallon idona. Shekaranjiya ta tafi da bargon Gwaggo ta ce za ta wanke, ba ta dawo da shi ba. Malamar makaranta ma da kofuna ta fara.

Ko dai tana neman wani gida saboda abin da ya faru, ko kuma ta ga wani abu a wurin aiki tana jin nauyin kallona. Na rasa wanne zan roƙa. Na faɗa wa Direba, ya ce, "Shugaba, kin mai da yarinyar nan allon hanya, kowane motsi sai kin karanta. Ƙila mura take yi." Na ce mura ba ta hana dawo da bargo.

Abin da ke riƙe ni shi ne lokacin kwalba. In ya ɗora min Gwaggo, ta kama ɗan yatsana da hannu ɗaya, ɗayan tana jan kunnenta, tana kallona da wannan fuskar ta masu bin ba'asi, ba na tuna komai. Sai ta lumshe ido, ta buɗe ta tabbatar ina nan, ta sake lumshewa. Rabin awa nake samu a rana da kaina yake yin shiru.

Talata, da safe

Yau ranar sabon gwangwani ce. Ba ta kawo ba. Ta ce, "Na wancan satin zai kai yau ai, ko?" Na ce zai kai. Na kankare gindinsa da cokali. Ban tambaye ta ba.

Laraba, da hantsi

Bari in zauna da kyau kafin in rubuta wannan.

Na ji mota ta tsaya, na ji Maman Gwaggo tana kiran Baba, wato Direba, ya zo ya taimaka mata. Na ce to, ta zo kwasar kayan 'yarta. Na gyara ɗankwali, na shirya fuskar da na yi wa malamar makaranta. Sai ga Direba ya shigo rungume da kwali, ya dire a gabana yana nishi. Madara ce, manyan gwangwanaye shida. Ta bi bayansa da Gwaggo a kafaɗa da bargo a hannu, wankakke, da sababbin kwalabe biyu masu hannun riƙewa.

Ta ce, "Mama, a sa min waɗannan a kabad ɗinki. Waɗannan biyun kada a buɗe yanzu, na 'yan shekara ɗaya ne, sai ta kai."

Sai ta kai. Gwaggo wata takwas gare ta.

Ta dube ni cikin ido, karon farko cikin sati guda, ta ce ta makara, ta fita da sauri. Na zauna ina kallon kwalin. Matar da ba ta taɓa barin abin da ya wuce na sati ba ta kawo na wata da watanni. Matar da ke aiki a ɗakin gwaji. Ba ta faɗa ba, ba ta karya dokar aikinta ba, amma ta faɗa. Wa zai tara madarar wata huɗu a gidan da ya san za a rufe?

Na ce, "Malam, ta gani. Lafiya ce." Ya ce mu dai jira likita gobe. Na ce ka jira kai kaɗai. Na sa shi ya jera su a saman kabad, kusa da katifun tagwaye, rubutun yana kallon ɗaki. Alƙali ya ƙirga su ya ce goma ne, kuma duk nasa ne.

Na ci abincin rana har na ƙara. Direba yana ta kallona ta gefen ido.

Alhamis, da la'asar

Ba shi ba ne.

Likita ya faɗi wani dogon suna, ya ce irin wanda ba ya yaɗuwa ne, sun cire shi duka, in dawo bayan wata shida a duba. Ya yi min faɗa kan ɗinkin, ya ƙara min sati biyu ba ɗaukar kaya. Auta ce ta raka ni, ita ta yi kukan a madadina, har mutanen da ke layi suka ɗauka mummunan labari ne suka fara ba mu haƙuri. Ni kuwa ko gezau, don tun jiya na sani. Na riƙe hannunta muka fito, na ce in ta sake taɓa matashi a gidana da shi zan rufe mata baki. Ta yi dariya da majina.

Da na dawo gidan tsit, labule a sauke, fanka na juyawa a hankali. Alƙali ya yi barci da takalmi ɗaya. Direba na zaune a ƙasa a wurina, jingine da bango, ƙafafunsa sun kusa kai wa ɗaya bangon, Gwaggo a hannunsa kanta a sama, kwalba a ɗayan hannun. Ya ɗago ya dube ni. Na gyaɗa kai. Bai motsa ba, don bakinta bai saki ba tukuna. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a tawul, shi kuwa ya riƙe kwalbar daidai har ta gama.

Alhamis, da yamma

Da Maman Gwaggo ta zo na riƙe hannunta tun a bakin ƙofa. Na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta saki jaka ta rungume ni ta gefen hagu tana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, jikinta na rawa. Na ce, "Ke da kika riga kowa sani, mene ne na rawar jiki? Na gode, 'yata. Na gane saƙonki jiya, kuma ba wanda zai ji daga bakina."

Ta sake ni ta ce, "Wane saƙo, Mama?"

Na nuna mata saman kabad.

Ta dubi gwangwanayen, ta dube ni, ta dafe baki. Ta ce, "Mama, ni jini kawai nake gwadawa. Irin naki ko a asibitinmu ba a yi, wani gari ake turawa, a rufe yake zuwa hannun likita. Wallahi yanzu nake ji daga bakinki."

Na ce, "To madarar fa? Har da ta 'yan shekara ɗaya?"

Ta ce baban Gwaggo ne ya ce a canza gida tun ranar da yarinyar ta shaƙe, sati guda suna ja, shi ya sa ta kasa kallona. Ta ce masa matar da ta fasa ɗinkinta ta ɗauki 'yarsa, kuma ta zaunar da ita ta faɗa mata abin da ba wanda zai taɓa sani, ba ta san inda za ta samo irinta ba. Ranar Talata ya sauko, shi ne ta wuce kanti ta sayo kwali don kada ya sake tunani.

Na ce, "Da ya fito da ɗayan fa? Ai da rufewa zan yi."

Ta ce, "Na yi wannan tunanin. Na ce ko kwance kike zan riƙa kawo ta da rana, Baba ya ɗora miki ita ki ba ta kwalba, in ya so in ɗauke ta bayan ta tashi. Na ga yadda kike in tana hannunki. Ita ma ba ta barcin kirki a hannun kowa."

Ni da bakina ba ya mutuwa, na tsaya riƙe da ƙofa. Direba ne ya cece ni, ya fito da Gwaggo ya ce, "Ga kayanki, Hajiya, a duba ba abin da ya fashe." Gwaggo ta haɗe rai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Sun tafi. Kwana guda na yi ina cin abinci ina dariya a kan labarin da ba wanda ya ba ni. Ashe ba ta san komai ba ta ɗauko kwalin nan ta kawo gidan da ƙila a rufe.

Na ce wa Direba ya sauko min da biyun nan na 'yan shekara ɗaya. Ya ce me zan yi da su yanzu. Na ce ba komai, ya ajiye min su a ƙasa inda hannuna zai kai.